Yadda wasan Tennessee Williams ya kwana shekara 60 a cikin akwati

Tun a 1962 Tennessee Williams, marubucin wasan kwaikwayon dandamali na Amurka, ya fara miƙa takardunsa ga Jami'ar Texas da ke Austin, inda cibiyar Harry Ransom ke adana su har yau. Aikin bai zo da sauƙi ba, don mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana New Orleans, gobe Key West, jibi Italiya, kuma shafi ɗaya sai ya yi ta sake buga shi a tafireta yana sauya masa kama.

Abin da ya fi jan hankalina a tarin shi ne gajerun labaransa, waɗanda ba a cika kula su ba saboda shaharar wasanninsa. Alhali a can yake fara gwada mutanensa kafin ya hau da su dandamali. Yarinyar nan mai tsananin kunya da ke tara ƙananan dabbobin gilashi, a wani gajeren labari ya fara zayyana ta, yana tuna 'yar'uwarsa Rose, kafin ta fito a matsayin Laura a wasan The Glass Menagerie a 1944. Brick, jarumin wasan Cat on a Hot Tin Roof, shi ma ya fito a wani gajeren labarinsa na 1952, shekara uku kafin wasan. Sai a 1985, bayan rasuwarsa da shekara biyu, aka tattara labaran a littafi guda.

Babban amfanin ajiyar ya bayyana ne a kan wasansa mai suna Not About Nightingales. Ya rubuta shi a 1938 yana ɗan shekara 27, bayan abin da ya faru a kurkukun Holmesburg da ke Philadelphia: fursunoni suka shiga yajin cin abinci, aka kulle su a ɗaki, aka sakar musu zafin tururi, huɗu suka mutu. Babu wanda ya yarda ya shirya wasan a lokacin. 'Yar wasan Ingila Vanessa Redgrave ce ta bi diddigi har aka zaƙulo shi daga takardun Texas, aka nuna shi karon farko a Landan a 1998, Trevor Nunn yana ba da umarni. Williams bai rayu ya ga wannan rana ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Sauran takardunsa sun rarrabu tsakanin jami'o'in Harvard da Columbia da wata ma'adanar tarihi a New Orleans, don haka mai son bin asalin wasa ɗaya sai ya leƙa gari fiye da ɗaya.