Na ce amin, amma raina ya sosu: tambayoyi kan hassada

Ranar Lahadi wata 'yar'uwa ta ba da shaida a majami'a cewa ɗanta ya samu aiki a matatar mai ta SORAZ. Na ce amin, amma abin ya tsaya mini a rai, don nawa ɗan da takardar jami'a yake kabu-kabu. Na yi zunubi?

'Yar'uwa, son ɗanki ya samu ba laifi ba ne. Hannatu ma ta yi kuka a Shilo saboda rashin haihuwa, Allah kuwa bai tsawata mata ba. Hassada tana farawa ne sa'ad da ido ya bar rashinki ya koma kan samun wata, har baki ya fara cewa "ai da hanya ya shiga". Ki gwada kanki: in aka ce gobe an sallami yaron, za ki ji sanyi a zuci?

Ai a zuci ne kawai, ban cuci kowa ba.

Kayinu ma a zuci ya fara. Tun bai taɓa Habila ba Allah ya tambaye shi dalilin murtuke fuska, ya ce masa zunubi na fako a bakin ƙofa (Farawa 4). Saul kuwa waƙar mata ce ta ɓata masa rai, da suka ba shi dubbai suka ba Dawuda dubun dubbai, washegari sai ga mashi. Markus 15:10 ya ce Bilatus ya gane don hassada manyan firistoci suka ba da Yesu. Muna son faɗin "hassada ga mai rabo taki ce", amma ka lura, duk mai faɗar haka a layin masu rabo yake ajiye kansa.

To, rabon ai ba daidai yake ba.

Gaskiya ne, Littafi Mai Tsarki bai musa ba. A Matiyu 20 mai gonar inabi ya ɗauki 'yan ƙwadago tun asuba a kan dinari ɗaya, ya ƙara ɗaukar wasu har wajen ƙarfe 5 na yamma. Da biya ya zo, daga na ƙarshe aka fara, kowa dinari. Duk wanda ya taɓa yini a gonar gero a duƙe ya san me na farko suka ji. Amma ba a rage musu ko tamma ba, kuma da ba su ga hannun maƙwabci ba, da murna za su koma gida. Gunaguninsu ma ba kan 'yan'uwansu ya sauka ba, kan mai gonar ne. A ganina nan maganar take: mai hassada da Allah yake rigima, maƙwabci dai shi ne ya fi kusa. Labarin bai faɗi wani dalili ba sai dai nufin mai gonar da alherinsa. Da Bitrus ya tambayi makomar wani almajiri, amsar Yesu ita ce, ina ruwanka, kai dai ka bi ni (Yahaya 21:22).

In kuma da zalunci mutumin ya samu fa?

Ƙin zalunci daban, kwaɗayin ribarsa daban. Asaf ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye suna ƙiba (Zabura 73). A Haikali ya kai ƙararsa, can ya gane ƙarshensu. Ka faɗa wa Allah zafin yadda yake, kada ka kai shi fada wajen shan shayi.

Me zan yi tunda zuciya ta ƙi?

Romawa 12:15 ta haɗa biyu: murna da masu murna, kuka da masu kuka. Mu a Damagaram na biyun bai ba mu wuya, gaisuwar mutuwa ba ta wuce kowa. Na farkon ne aiki. Kada ki jira sai rai ya so. Ɗauki sabulu ko ɗan turmin zane ki je barka, daga Sabon Gari ne ko Birni, gidan mai bi ne ko na maƙwabciya Musulma. Ki ambaci sunan yaron cikin addu'a, ki roƙa masa ƙari. Makon farko baki zai yi nauyi.

Shi mai ba da shaida ba shi da nasa?

Yana da shi. Ya faɗi abin da Allah ya yi, ya bar lissafin albashi da kuɗin babur, domin a bencin baya akwai wadda ta shekara goma tana roƙon abin da shi ya samu cikin wata uku. In da hali, bayan sujada ya nemi ɗan nata ya ji ko akwai inda zai kai masa takardu.