Mai cafe ƙwallo a ƙwallon ƙafar Amurka

Mai cafe ƙwallo ɗan wasa ne a sashen masu kai hari a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Aikinsa shi ne ya ruga ta hanyar da aka shata masa, ya kufce wa mai tsaronsa, ya cafe ƙwallon da mai jefawa ya wurgo. Galibi ba shi yake zaɓen hanyar ba. A NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, koci ne ke zaɓen salon kowane hari, ya sanar da mai jefawa ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. Shi ya sa aka daɗe ana gardama kan ko baiwar ɗan wasa ce ke kai shi ga nasara, ko tsarin kocinsa.

Tarihi

An halatta jefa ƙwallo gaba a 1906, amma an ɗauki shekaru ana ganin hakan a matsayin kasada. Don Hutson na Green Bay Packers, wanda ya yi wasa daga 1935 zuwa 1945, shi ake yawan dangantawa da ƙirƙiro yawancin hanyoyin gudun da ake bi har yau, ko da yake da wuya a tantance wace ce tasa, wace ce ta kocinsa Curly Lambeau. Sau 99 ya ci da ƙwallon da ya cafe.

A 1978 aka hana masu tsaro bangaje mai cafewa da zarar ya wuce yadi 5 daga layin fara hari. Dokar ta buɗe wa kociyoyi ƙofa. Koci Bill Walsh ya gina ƙungiyar San Francisco 49ers kan gajerun jifa masu ƙayyadajjen lokaci: mai jefawa ya ja da baya taku uku ko biyar, ya saki ƙwallo zuwa inda abokinsa zai isa, tun bai ma juyo ba. A wannan tsarin Jerry Rice ya tashi daga 1985, har ya tara yadi 22,895 a tsawon shekarunsa na wasa a NFL, wato jimillar nisan da ya ci gaba da ƙwallayen da ya cafe. Amma ko bayan ya bar ƙungiyar, ya haura yadi 1,200 a ƙungiyar Oakland Raiders a 2002, yana ɗan shekara 40.

Muhawara

Masu fifita tsari kan kafa hujja da Randy Moss. A 2006 yadi 553 kacal ya samu a Oakland. Da ya koma New England Patriots a 2007 ya samu 1,493, ya ci sau 23. Sai dai ba koci kaɗai ya sauya ba, mai jefa masa ma ya zama Tom Brady, kuma wannan ya raunana hujjar. Ɗaya ɓangaren kan ambaci Calvin Johnson, wanda ya tara yadi 1,964 a 2012 alhali ƙungiyarsa Detroit Lions wasa 4 kawai ta ci cikin 16.