Tsofaffin Linzaman Azurfa na Yammacin Amurka

Linzaman azurfa na Yammacin Amurka linzamai ne na baƙin ƙarfe da maƙera suka ƙera da hannu suka ƙawata da azurfa, galibi daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kuma a yau masu tara kayan tarihi na nemansu ruwa a jallo. Asalinsu yana komawa ga makiyayan shanu na Meziko da ake kira bakero, waɗanda suka gaji hawan doki daga Sifaniyawa, suka shiga da shi Kalifoniya bayan an fara kafa sansanonin mishan a can a 1769.

Mafi daraja a cikinsu shi ne linzamin Kalifoniya mai faffaɗan harshe kamar cokali, wanda yake kwanciya a kan harshen doki ya taɓa ganɗarsa idan an ɗaga igiya. Ba a sa wa sabon doki shi. Sai an shafe shekaru ana horar da shi da ragama, har ya kai ga fahimtar ɗan motsin yatsun mahayi. A tsakiyar ƙarfen bakin akwai ɗan garen jan ƙarfe da doki yake juyawa da harshensa yana ƙara, kuma shi da 'yar tsatsar da baƙin ƙarfe yake yi suna sa miyau ya zubo, bakin ya yi laushi. Maƙeran Kalifoniya sukan sassaƙa rami a jikin ƙarfen, su dasa azurfa a ciki, sannan su zana furanni da ganye, yayin da masu bin salon Texas, irin su J.R. McChesney da Oscar Crockett, suka fi liƙa azurfar a bisa ƙarfen.

Sunan da ya fi fice shi ne G.S. Garcia, haifaffen jihar Sonora ta Meziko, wanda ya kafa shagonsa a garin Elko na jihar Nevada a shekarun 1890, kuma sirdinsa ya ci lambar zinariya a baje kolin duniya na St. Louis a 1904. Sai dai maƙera da yawa ne suka yi aiki a ƙarƙashinsa, don haka tambarinsa yana nuna shagon da linzami ya fito ne kawai, hannun da ya ƙera shi kuwa sai gwani yake gane shi daga salon zane.

Masu tarawa sukan fara duba tambarin da aka buga a cikin kumatun linzami, domin akwai na jabu da aka buga wa tsofaffin linzamai marasa suna. Suna kuma duba ko an sauya ƙarfen baki ko sarƙoƙi, abin da yake rage farashi ƙwarai a wajen gwanjo. Goge linzami har ya yi ƙyalli ɓarna ce, domin duhun da shekaru suka bari a cikin zanen yana daga cikin shaidar tsufansa, kuma yawan guga yana cinye zanen kansa.