Shugabancin Miji a Gidajen Hausawan Saudiyya

Shugabancin gida, wanda malamai ke kira ƙiwama, shi ne jagorancin da Musulunci ya ɗora wa miji a zaman aure. Tushensa aya ta 34 ce a Suratun Nisa'i, wadda ta ɗaura shi da ciyarwa: ci da sha, sutura da muhalli. Hausawan Makka, Madina da Jidda sun gaji fahimtarsa daga fiƙihun Malikiyya da kakanninsu suka zo da shi, suka kuma zauna a ƙasar da kotunanta suka daɗe suna bin Hambaliyya.

A doka

A da, mace ba ta fita daga Saudiyya sai da izinin waliyyinta. An ba mata damar tuƙa mota a Yunin 2018, sannan a Agustan 2019 aka yarje wa wadda ta kai shekara 21 ta karɓi fasfo ta yi tafiya da kanta. Sai dai dokar iyali da aka fitar a Maris 2022 ta bar wa namiji manyan igiyoyin. Waliyyi ne ke ɗaura aure, ana buƙatar matar ta yi biyayya gwargwadon abin da aka saba, kuma tana iya rasa ciyarwa idan ta ƙi tarewa ba tare da uzurin shari'a ba. Saki na hannun miji. Ita kuwa sai ta nemi hul'i, wato ta fanshi kanta, ko kotu ta raba auren.

A cikin gida

A nan abin ya rabu biyu. Hausawa 'yan ƙasa, waɗanda da yawansu ke ɗauke da laƙabin Hausawi, suna da kotu da takardar aure. Matar da ke ɗaukar albashi a asibiti ko makaranta tana da ta cewa kan haya da karatun yara, ko da maigida ne ke yanke magana a gaban baƙi.

Takari kuwa, wato baƙin da ke zaune a can, waɗanda ba su da igama (takardar izinin zama), galibi malami ne ke ɗaura musu aure a gida, ba rajista. Idan zama ya yi tsami, dattawan unguwa ake kai wa ƙara, don zuwa hukuma na iya ƙarewa da kamu da mayarwa gida. Idan ɗaya daga cikin ma'auratan na da igama, miji ne ko mata, shi ke da rinjaye, tunda da sunansa ake kama ɗaki.

Kuɗi ma na juya lamarin. A Shara Mansur da ke Makka, matan da ke tuƙa tuwo suna sayar wa alhazai kan tara a lokacin Hajji abin da zai riƙe gida watanni, su zuba adashi, su aika Kano ko Damagaram a sayi fili da sunansu. A fiƙihu dukiyar mace tata ce, miji ba ya cin komai daga cikinta sai da yardarta. Irin wannan uwargida za ta ce "sai abin da Alhaji ya ce", alhali ita ta biya hayar.