Bindiga lamba 20 za ta iya kayar da barewa? Abin da doka ta ce a Ingila da Amurka

Tsohuwar gardama ce tsakanin mafarauta a Amurka: bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, in ƙarama ce, tana da ƙarfin kayar da barewa kuwa, ko dai raunata ta kawai za ta yi? Doka ta tsoma baki a maganar, amma amsarta ta danganta da inda mutum yake tsaye.

Da farko a fahimci lambar, don tana da ruɗarwa. A irin wannan bindiga, duk yadda lamba ta ƙaru, bakin bindigar ƙanƙancewa yake yi. Asalin lissafin shi ne a ɗauki laba ɗaya ta dalma, kimanin giram 454, a mulmula ta ƙwallaye masu cika bakin bindigar daidai. In ƙwallo 12 aka samu, lamba 12 ke nan, faɗin bakinta wajen milimita 18.5. In 20 aka samu, lamba 20 ce, milimita 15.6. Ƙaramarsu da ake kira .410 ba ta bin wannan lissafi, faɗin bakinta ne kawai aka auna da inci, milimita 10.4.

A Ingila da Wels magana ta ƙare tun kafin a kai ga girman baki. Dokar Barewa ta 1991 ta haramta harbin barewa da duk bindigar da cikin bututunta sumul yake, babba ce ko ƙarama. Raifil doka ke so, wato bindiga mai zane a cikin bututu, mai faɗin baki akalla inci .240, da harsashi mai taushin kai ko mai rami a kai wanda ke buɗewa in ya shiga jiki. A 2007 aka sassauta zuwa inci .220 saboda wasu ƙananan barewa iri biyu 'yan asalin Asiya, waɗanda girmansu bai wuce na gada ba. Wanda ya karya wannan ƙa'ida na iya shan tara, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba.

Akwai wata kafa da aka bari, ta manomi. Sashe na 7 ya ce mai gona, ko wani daga iyalinsa ko ma'aikacinsa da ya ba izini a rubuce, zai iya kare kansa a kotu idan ya nuna cewa irin wannan barewar tana yi masa ɓarna a amfanin gona ko itatuwa, cewa ɓarna mai tsanani za ta sake aukuwa, kuma harbin ya zama dole. Ko a nan ma ba a yarda da abin da ya gaza lamba 12 ba. Abin da zai ɗura mata kuma an ƙayyade: ko dunƙulallen harsashi guda mai nauyin akalla giram 22.68, ko manyan ƙwayoyi samfurin AAA. Manomin da ya ɗauko lamba 20 daga bayan ƙofa ya harbi barewar da ke cinye masa kabeji, ya fita daga inuwar wannan sashe, komai yawan asarar da ya yi.

Tsallaka teku kuwa sai abin ya juye. A Amurka kowace jiha ita ke tsara dokar farautarta, kuma a jihohi irin su Ilinoi da Ohayo da Ayowa an shafe shekaru masu yawa raifil ce haramtacciya a farautar barewa, bindigar nan da Ingila ta ƙi ita ce halattacciya. Dalilinsu daban ne. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin masara da gidaje a warwatse ko'ina, harsashin raifil kuwa in ya kuskure yana iya yin tafiyar kilomitoci. Dunƙulallen harsashi mai nauyi ne, da wuri yake faɗuwa. Ingila tausayin dabbar ta sa a gaba, su kuma ran maƙwabci. An fara sassautawa daga baya: Ohayo ta halatta wasu nau'o'in raifil a 2014, Ilinoi ta bi sahu a 2023 da raifil mai cin harsashi ɗaya.

To, ina iyakar ƙanƙanta? Ilinoi ta ce daga lamba 10 zuwa lamba 20, da dunƙulallen harsashi kaɗai, kuma kada bindiga ta ɗauki fiye da uku. Ayowa ma a lamba 20 ta tsaya. Ohayo ta kafa iyaka ta sama ne kawai, saboda haka .410 ta halatta a can.

A ganina Ilinoi ce ta fi dacewa da gaskiyar abin. Harsashin lamba 12 yakan kai giram 28, na lamba 20 wajen 18 zuwa 21, kuma wannan ya isa ya ratsa huhun barewa mai farin wutsiya a tazarar mita 50 zuwa 70. In bututun mai zane ne a ciki yana murɗa harsashi, ana wuce mita 100. Ga shi lamba 20 ba ta dukan kafaɗa kamar lamba 12, wanda kuwa ba ya tsoron bindigarsa ya fi saita ta daidai, shi ya sa ake yawan ba matasa masu koyo. Harsashin .410 fa giram 6 zuwa 7 ne kacal, ƙarfinsa kuma nan da nan yake zubewa. Gwani a kusa-kusa zai iya kashe barewa da shi. Ɗan koyo zai bar ta ta shige daji da rauni, ya wuni yana bin sawun jini, wataƙila ma bai same ta ba, ko da yake a Ohayo babu jami'in gandun dajin da zai tuhume shi a kan bindigar da ya riƙe.