PERMUT ko COMBIN: wanne ya dace da lissafin ƙuri'a a Excel?

Mene ne bambancinsu, tunda duka biyun ƙidaya suke yi?

Abin dubawa shi ne ko wanda ya zo farko da wanda ya biyo baya suna da muhimmanci. A ce mata 10 ne ke zubin adashe, uwar adashe ta ce za a yi ƙuri'a a fitar da mutum 3 da za su fara kwasa. Idan sunayen ukun kawai ake so, a rubuta =COMBIN(10,3), zai ba da 120. Idan kuma ana son sanin wacce za ta kwasa a watan farko, wacce a na biyu, wacce a na uku, sai =PERMUT(10,3), wanda ke ba da 720. Kowane rukuni na mutum uku ana iya jera shi hanyoyi 6, shi ya sa 720 ya ninka 120 sau shida.

To ina ake yin kuskure wajen lissafin sa'a?

A wajen rabawa, kuma nan ne na fi so mai karatu ya natsu. Don sanin yiwuwar abu, ana ƙirga hanyoyin da za su dace da kai, a raba da dukkan hanyoyin da ke akwai. Sama da ƙasa dole su zama ƙidaya iri ɗaya.

Ɗaya daga cikin matan nan tana son sanin damarta ta shiga cikin ukun farko. A ɗauka an riga an ajiye mata gurbi, saura gurbi 2 daga mutum 9: COMBIN(9,2) ya ba da 36. A raba 36 da 120, an sami 0.3, wato kashi 30 cikin 100. Ta hanyar PERMUT ma amsar ɗaya ce, muddin aka tuna tana iya zama ta farko, ta biyu ko ta uku: PERMUT(9,2) ya ba da 72, 3 sau 72 ya zama 216, a raba da 720, 0.3 ne dai. Amma wanda ya raba 36 da 720 zai sami 0.05, kuma Excel ba zai yi masa ko tari ba. Baiwar Allah za ta cire rai a banza.

Idan an ce damarta "3 da 7" ce fa?

Wannan na auna samu da rashi ne: cikin hanyoyi 120 ɗin nan, 36 na samu, 84 na rashi. In an rage, 3 da 7.

Lambar sirri ta katin ATM, wanne ne?

Babu ɗaya daga cikinsu kai tsaye, domin lamba tana iya maimaituwa, kamar 7707. PERMUT(10,4) zai ba da 5,040, ya watsar da duk mai maimaici. Wanda ya dace shi ne PERMUTATIONA(10,4), 10,000. Excel 2013 ne ya zo da shi, Google Sheets ma yana da shi.

Na rubuta PERMUT a Maraɗi, kwamfutar ta ƙi karɓa.

Mai yiwuwa Excel ɗin na Faransanci ne. A can sunansa PERMUTATION, COMBIN kuma bai canza ba. Sannan a raba lambobin da ; a maimakon waƙafi: =PERMUTATION(10;3).