Kare Marasa Saifa Daga Kamuwa Da Cuta

Saifa tana tace jini, tana kawar da tsofaffin jajayen ƙwayoyinsa da kuma ƙwayoyin cuta na bakteriya masu ɓawo mai kauri a jikinsu. Idan aka cire ta, saboda haɗari ko cutar jini, garkuwar jiki takan yi rauni har ƙarshen rayuwa. Masu sikila ma saifarsu kan daina aiki tun suna yara.

Tarihi

An daɗe ana ɗaukar saifa a matsayin abin da mutum zai rayu lafiya ba tare da shi ba. Ana danganta cire ta na farko ga wani mai tiyata ɗan birnin Naples na Italiya wajen 1549, amma masana tarihi na shakkar labarin. A 1867 likita Jules Péan ya yi aikin cikin nasara a Faransa. A 1919 masu bincike Morris da Bullock suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa saifa sun fi saurin mutuwa da cuta, sai dai likitoci ba su kula sosai ba. Rahoton likitoci King da Shumacker na 1952, kan jarirai biyar da cuta mai tsanani ta kama bayan tiyatar cire saifa, shi ya sauya tunanin likitoci. Daga baya masu tiyata suka koma ƙoƙarin ceto saifar da ta fashe idan da hali.

Rigakafi

Babbar barazana ita ce bakteriyar Streptococcus pneumoniae, sai Neisseria meningitidis mai kawo sanƙarau, da Haemophilus influenzae nau'in b. Ana yin allurarsu aƙalla mako 2 kafin tiyatar da aka shirya, ko bayan mako 2 idan ta gaggawa ce. Ana ƙara allurar mura duk shekara.

Magani

Ana ba yara penisilin kullum. Tsawon lokacin da manya za su sha shi kuwa, ƙasashe sun saɓa a kai.

Zazzaɓi a jikin marar saifa lamarin gaggawa ne, domin cutar kan yi kisa cikin sa'o'i. Ana fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Haɗarin ya fi yawa a shekarun farko bayan tiyata. Marasa lafiya kan riƙe kati mai bayyana halinsu.

Sauran haɗura

Zazzaɓin cizon sauro, cizon kare da cizon kaska sun fi yi musu illa.